Ina barewa ke kwanciya a cikin babbar fadama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Arewa ne aiki ya kawo ni Amurka, ina jihar Wiskonsin. Na yi kwas ɗin farauta na karɓi lasisi, bara na fita neman barewar nan tasu mai farar wutsiya a wata ƙatuwar fadama ta gwamnati, sawu ko ina amma wallahi ko ɗaya ban gani da rana ba. Abokan aikina sun ce sai na san makwancinsu. Toh fadamar nan ido baya ganin ƙarshenta, ruwa ne da ciyawa kawai, dan Allah ta ina mutum zai fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Abokan naka gaskiya suka faɗa maka. Sawun da ka gani yawancinsa na dare ne, barewar da ta sha ƙarar bindiga musamman tsohon namiji bata cika yawo da rana ba, tana kwance ne sai daf da magariba ta miƙe, kuma kafin duhu ya rufa ba wani nisa take yi da makwancin ba. Kaga idan ka je ka zauna bakin gonar masara ko waken soya inda suke ci, lokacin da zasu iso doka ta riga ta hana ka harbi.

Abu na farko da zaka riƙe shi ne barewa bata kwanciya a cikin ruwa. Zata ratsa ruwa har ƙirji, zata yi iyo ma, amma in kwanciya ce sai ta samu busasshen wuri. Da wannan kaɗai ka zubar da mafi yawan fadamar, abin da ya rage maka neman tudu ne, kuma tudun ba sai babba ba, wani bai fi tabarma ba, wani ma tushen itace ne kawai da saiwoyi suka ɗaga ƙasa.

Doguwar ciyawar da ta cika fadamun can ita ce dai kachallar da ta addabi mutanen Hadeja da Nguru, ƴan gida ɗaya ne. A jiharku ma akwai fadamar Horicon wadda ta haura eka 30,000, ita ce mafi girman fadamar kachalla ta ruwan daɗi a Amurka, ɓangaren arewa na hannun gwamnatin tarayya na kudu kuma na jiha, kowanne da nasa dokokin, sai ka karanta kafin ka shiga. Ita kachalla ƙafarta a ruwa take. Duk inda ka ga ta tsaya wani tsiro daban ya karɓa, kamar ƙananan itatuwan nan masu jan reshe, ko sarƙaƙiya, ko bishiya guda tilo tsaye a tsakiyar ciyawa, toh ƙasa ta ɗan tashi a wurin. Wannan iyakar tsakanin tsiro biyu ita zaka bi, nan makwantai suke.

Ka fara daga gida, buɗe manhajar taswira irin Google Earth ko onX Hunt ka nemi hoton sama da aka ɗauka lokacin da ganye ya zube. Hanyoyin barewa suna fitowa kamar siraran layuka cikin kachalla, ka bi su da ido ka ga inda suke haɗuwa. Wurare uku nake sa wa alama: inda ƙasa ta miƙe kamar yatsa ta shiga cikin fadama, ƙananan tsibirai, da itatuwan da ke tsaye su kaɗai. A cikinsu na fi yarda da bakin yatsan nan, can ƙarshensa inda itatuwa suka ƙanƙance suka koma sarƙaƙiya. Shi kuma tsibiri mutane suna ruɗuwa dashi, sai su hau tsakiya inda manyan bishiyoyi suke suna dube dube, alhali babban namiji ya fi kwanciya a gefe ko ma ɗan gaba da tsibirin a kan wani ɗan tudu cikin ciyawa, domin in wani abu ya taso tsalle ɗaya ya ɓace. Babban tsibiri mai sauƙin zuwa kuwa kowa ya gan shi a taswira, ka bar musu.

Sai zuwa da ƙafa, kuma ba a lokacin farauta ba. Ka bari sai ƙarshen hunturu wajen Fabrairu zuwa Maris, ko farkon Afrilu kafin sabon tsiro ya rufe komai. Lokacin ko ka tashe su ba asara, kafin kaka sun manta. Makwancin zaka gan shi kamar ɗan kwari mai siffar ƙwai, ciyawa ta kwanta lif, tsawonsa wajen mita ɗaya ko ɗan fi. Ka durƙusa ka tona da yatsa, zaka samu fararen gashin ciki a manne da ciyawar, in an daɗe ana kwanciya wurin har ƙasar ta goge ta yi santsi. Ga kashi a gefe, ga ƙananan itatuwa da aka ɗaye musu ɓawo da ƙaho. In ka ga makwantai da yawa kusa da juna manya da ƙanana, mata ne da ƴaƴansu. Guda ɗaya babba shi kaɗai da gogar ƙaho a kewaye, wannan namiji ne. Wani lokacin har ƙahon da ya yar zaka tsinta tunda a hunturu suke zubar dashi.

In ka samu kar ka yi saurin wucewa, ka shiga ciki ka tsuguna daidai tsayin kan barewa ka duba me yake gani daga nan, ta ina zai gudu, ta ina zai fita in ya nufi abinci. Yawanci yana kwanciya iska na bugo bayansa, hanci na gadin baya ido na gadin gaba, ruwan da ke kewaye kuma yana kawo masa ƙarar duk mai tahowa. Shi ya sa makwanci ɗaya ba kullum ake samunsa a ciki ba, wanda ya dace da iskar yamma daban wanda ya dace da ta arewa daban. Ka rubuta wannan a wayarka tare da wurin, ka kuma zaɓi bishiyar da zaka hau ka yi kwanto tun ranar, wadda bata wuce mita 70 zuwa 100 daga makwancin ba kuma ba zai hango ka kana hawa ba.

Ruwa ma yana canja lissafi. Shekarar da aka yi ruwa sosai tudun da ka sa wa alama zai iya nutsewa su dawo kusa da gaɓa, shekarar fari kuma su ƙara lumewa ciki, dan haka kar ka dogara da wuri ɗaya.

Lokacin farauta da kwari da baka a Wiskonsin yana buɗewa tsakiyar Satumba, na bindiga kuma kwana 9 ne a ƙarshen Nuwamba, ranakun nan daji cike yake da mutane masu rigar ruwan lemo, su kuwa barewa sai su tsere cikin fadama, wanda ya san makwanci shi ke cin riba. Ka shiga da wuri bayan azahar, a hankali, iska na kaɗa warinka nesa da shi, in iskar bata yi ba ka haƙura ka je wani wurin. Kuma zaman farko shi ne mai albarka, in ka yawaita zuwa warinka zai kore shi.

Dan Allah ka kula da ranka. Ka sa dogon takalmin robar nan mai kaiwa ƙirji, ka riƙe sanda kana gwada ƙasa domin akwai inda ciyawa ke yawo a kan ruwa mai zurfi, ƙanƙara kuma bata da kauri inda ruwa ke gudu a ƙasa. Kachalla ta fi tsayin mutum, in duhu ya yi ko ina iri ɗaya ne, ka tafi da kamfas mai nuna gabas da yamma ƙari a kan waya kuma ka faɗa wa wani inda ka nufa da lokacin dawowarka. Ka ajiye busassun kaya a mota, da abin jan kaya na roba wanda ake ja a kan dusar ƙanƙara, domin fitar da namiji babba daga cikin laka aikin mutum biyu ne.