Amsa ga mai son saya wa 'yarta littafin da ta so tana yarinya

'Yar'uwa kin ce kina son saya wa 'yarki mai shekara takwas littattafan labarai da tatsuniyoyi irin wanda kika taso da su, amma kina tsoron kar ki kashe kuɗi ta ajiye su ta koma kan waya, kuma ba ki san wane bugu za ki ɗauka ba. Toh ni na bi wannan hanyar, na kuma sha ƙasa a cikinta har sau biyu, bari ki ji.

Ni littafin da ya cinye min yarinta Magana Jari Ce ne, na ɗaya. Tun kafin ya zo hannuna bangonsa ya tafi, wani ya ɗinke shi da baƙin zare, shafukan ƙarshe kuma sun yage, wallahi har na shiga sakandare ban san yadda aka ƙare da aku da Musa da mugun wazirin nan ba, ni na ƙirƙiri ƙarshena a kaina na zauna da shi. Da tawa 'yar ta kai shekara bakwai na ce lallai sai ta ɗanɗana, na yi oda ban buɗe ba ban duba ba, bango ne kawai ya burge ni a hoto. Ashe na jabu ne. Fotokwafi aka yi aka manna da gam, tawadar ta dushe har ƙugiyar ƙ da ɗ ba ta fita sosai, wasu shafuka sun maimaita kansu wasu babu su gaba ɗaya, kafin sati biyu ya fara zubar da ganye kamar bishiya a hunturu. Tun daga nan in zan sayi littafi tsakiyarsa nake fara buɗewa, in bi lambar shafi, in duba ko ɗinki ne ko gam, sannan in leƙa bayan shafin take inda ake sa sunan maɗaba'a da shekarar bugu. In daga nesa ne kuwa sai an turo min hoton cikin littafin, ba na bango ba.

Kuskurena na biyu shi ya fi min ciwo. Na samo mai kyau na miƙa mata ina ta murna, ta karanta shafi biyu ta ajiye ta ce wai Hausar ta yi mata nauyi. Na ji haushi kamar ni ta zaga. Amma da na huce na ga gaskiyarta, littafin nan tun 1937 Abubakar Imam ya fitar da shi, akwai kalmomin fada da na yaƙi da yaron yanzu bai taɓa ji a bakin kowa ba, mu ma fa a lokacin tsallake su muke yi muna bin labarin. Sai na daina cewa ta karanta, na koma ni nake karanta mata da daddare, ina sauya murya, in na zo daidai inda labari ya ɗau zafi in rufe in ce sai gobe. Dabarar akun kenan ma a cikin littafin, da labari yake riƙe yaron kar ya fita, ita ma Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya da haka ta tsira da wuyanta. Dare na huɗu ko na biyar na shiga ɗaki na tarar ta ɗauko shi da kanta tana bin layi da yatsa, wai ba za ta iya jira ba. Na yi kamar ban gani ba na fita.

Game da tatsuniyoyin waje kuma, ki sani suna ɗaya ne amma littafin ba ɗaya ba ne. Na 'yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, a 1812 suka fara fitar da shi, suka yi ta gyara shi har bugun 1857, a na farkon ma wadda ta so kashe Snow White uwarta ce mahaifiya, daga baya suka mayar da ita matar uba. Cikakkun bugun akwai yanke ƙafa da ƙwaƙule ido, ba irin na katun ba ne. Na Andersen ɗan Denmark kuwa da yawansu da baƙin ciki suke ƙarewa, tawa sai da ta yi kuka kan yarinyar nan mai sayar da ashana. Dare Dubu da Ɗaya cikakke sam ba na yara ba ne, akwai wuraren da ke kanki za ki ji kunya, ki nemi wanda aka tace. (Abin mamaki ma Aladdin da Ali Baba babu su a tsofaffin rubutun Larabcin, wani Bafaranshe Galland ne ya ƙara su a fassararsa bayan ya ji su daga bakin wani mutumin Halab.) A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda aka taƙaita har suka zama salam, hoto goma layi uku, mai shekara takwas za ta gama cikin minti biyar ta ce miki sai me. Don haka ni duk wanda zan ba yaro sai na fara karanta shi, ko da labari biyu ne daga ciki.

Kar ki sayo seti guda a tashi ɗaya, ni na yi, rabinsu har yau ledarsu ba a cire ba. Ki ɗauki ɗaya, wanda ke kike ɗokin sake karantawa, don ke za ki fara riƙe shi ba ita ba. Ki faɗa min sunan naki na yarintar, in ina da shi zan duba miki bugun da ke hannuna.