Ciwo ɗaya, unguwa daban: me ya sa wani ya warke, wani ya nakasa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina yana zaune a Yelwa, nan Bauchi. Ciwon ƙirji ya kama shi bayan isha'i, aka kai shi kemis aka ce olsa ce, sai da gari ya waye muka je asibiti, aka ce bugun zuciya ne. Ya rayu, amma ko masallaci ya je sai haki. Abokin aikin maigidana da ke GRA irin wannan ciwon ya same shi, ga shi nan garau. Kuɗi ne suka raba su ko unguwa? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Kuɗi na da nasu tasirin, amma abin da ya fi raba mutanen nan biyu shi ne lokaci, kuma unguwar da mutum yake tana da hannu wajen yawan lokacin da zai ɓata kafin ya ga likita.

Zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyinta da ke shayar da ita jini. Idan maiƙo ya daɗe yana taruwa a bangon ɗaya daga cikinsu, wata rana sai wurin ya tsage, gudan jini ya toshe hanyar. Daga nan naman da ke gaban toshewar zai fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. Hakin da Baba yake yi, mai yiwuwa tabon nan ne ya rage wa zuciyar ƙarfin harba jini. Allurar da ke narkar da gudan jini ta fi aiki a awa 2 zuwa 3 na farko, bayan awa 12 kuwa amfaninta ya ragu ƙwarai. Ɗaya hanyar ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya a buɗe toshewar, sai dai cibiyoyin da ke wannan aiki a Najeriya kaɗan ne, kuma sun fi yawa a Legas da Abuja. Don haka a wajenmu isa asibiti da wuri shi ne jari.

To, duba daren nan guda biyu. Mutumin GRA mota na ƙofar gida, titi a shimfiɗe, babban asibiti kusa, wataƙila ma yana da lambar wani likita a wayarsa. Mutumin Yelwa ko Wuntin Dada, ƙarfe 11 na dare, sai an buga ƙofar maƙwabci ko an fita bakin titi neman Keke Napep. Wanda ke cikin gari, a lungunan Jahun ko Bakin Kura, ba shi da nisa da asibiti, amma wani lungun mota ba ta shiga, sai an tallabo mara lafiya zuwa titi. Ga tunanin kuɗin kati da na gwaji, wanda ke sa iyali su ce a bari gari ya waye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zangon farko. Inda asibiti ya yi nisa, kemis ne likitan unguwa, kuma ciwon nan yakan yi kama da olsa: zafi a saman ciki, tashin zuciya, gyatsa. Mai kemis ba shi da na'urar ECG, wadda ake gwada aikin zuciya da ita, alhali ƙa'ida ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji wannan gwaji cikin minti 10 da isowarsa asibiti. Ko a Amurka, inda motar asibiti ke zuwa har gida, bincike ya nuna wanda zuciyarsa ta tsaya a unguwar talakawa bai cika samun mai danna masa ƙirji don farfaɗo da shi ba kamar wanda ya faɗi a unguwar masu hali.

Idan mutum ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ciwon na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa mai sanyi, ya wuce 'yan mintuna bai lafa ba, kada a tsaya kemis ko ƙaramin asibitin unguwa. A wuce kai tsaye sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ko Asibitin Ƙwararru, a ce da ma'aikata "ciwon ƙirji ne, muna son a yi ECG". A hanya ya tauna asfirin mai nauyin miligiram 300, muddin jikinsa bai ƙi maganin ba kuma ba ya zubar jini a ciki. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga a kula da su sosai, domin nasu yana iya zuwa da haki da kasala kawai.

Shi kuwa Baba, wanda ya taɓa yi yana cikin haɗarin maimaitawa. Kada ya daina magungunansa don ya ji sauƙi, a rage masa gishiri, a riƙa auna hawan jini, a kuma faɗa wa likitansa zancen hakin nan, musamman idan ƙafafu sun fara kumbura ko ya kasa kwanciya sai an tara masa filo. Tun yau ku yi magana da maƙwabci mai mota ko wani mai Keke da kuka amince da shi, ku rubuta lambarsa a jikin bango kusa da gadon Baba.