Amsa ga ɗan'uwanmu na Munich mai shirin bin Stelvio da iyali

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun da asuba na ga tambayarka, wai kana so ka kwaso iyali daga Munich ku sauko Italiya hutu ta kan dutsen Stelvio maimakon babbar hanyar Brenner, kana neman sanin ko tsohuwar motarka mai kujera bakwai za ta iya hawa. Sai da na ajiye kofin shayina. Wallahi tambayar da na yi ke nan a 2019, kuma amsar da na ga wasu suna ba ka, wai "za ta hau mana, ai ƙirar Jamus ce", ita ɗin aka ba ni.

Za ta hau. Ko akwala tana hawa, sai dai ta yi nishi. Saukowar ce ba wanda ya yi maka maganarta.

Mu daga Brescia muka tashi, cikin Agusta, lokacin da masana'antu ke rufe, kwana kaɗan bayan babbar sallah. Mota biyu ce: tawa, da ta wani ɗan garinmu da ba zan kama sunansa ba don wasunku sun san shi. Shi ne jagora, wai ya bi hanyar sau uku. Ni kuwa ina ji da kaina, na sha gangara Hawan Kibo da fasinja tun ina saurayi, me dutsen Turawa zai nuna min? Na loda uwargida, yara uku, kuloli, soyayyen naman sallah, katan biyu na ruwa, har bayan motar ya zauna.

Ta Bormio, garin da ke gindin dutsen ta ɓangarenmu, muka hau. Akwai wasu ramuka da aka fasa cikin dutse, masu duhu da ƙunci, sai ka riƙa addu'ar kada wata mota ta ɓullo. Tun a rabin hanya motar ta fara kasala, in taka totur har ƙasa ta ce ba ta san zancen ba. Ba lalacewa ba ce, iska ce ke raguwa in ana yin sama, inji ma numfashi yake kamar mu. Kunnuwa suka toshe, autarmu ta yi amai sau biyu. Da muka kai ƙoli, mita 2,757, har na manta da duk wannan. Ka tuna fa Chappal Waddi na Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, ga mu kuma mun wuce tsawonsa cikin mota. Ga ƙanƙara fara fat a kan duwatsu a tsakiyar Agusta. Yarana da silifas da 'yar shara suka zo don mun baro Brescia ana zufa, sai ga su suna kaɗa haƙora. Kowace mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida, sai ka lissafa da kanka. Ruwan da na yi alwala da shi a can har yau yatsuna ba su yafe min ba.

A nan ne mutumin nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Daga nan sai gangara, ka sa ta a firi ka huta, mai yana tsada." Ni kuma na ji. Wannan ɓangaren laifina ne, ban musa ba. Amma shi da ya ce ya bi sau uku fa?

Ɓangaren da ke sauka zuwa Prad, garin da ke ɗaya gindin dutsen, kwana 48 gare shi, kowace da lambarta a jiki, ta ɗaya a sama, kuma kowace kwana juyowa ce gaba ɗaya, ka koma inda ka fito amma a ƙasa. In ka leƙa daga sama kamar an yar da igiyar guga a jikin dutse. Shi ya ja motarsa ya ɓace tun a kwana ta uku. Ni ina biye, ƙafata a kan birki, ban ɗaga ba ko sau ɗaya. Wajen kwana ta goma sha wani abu uwargida ta ce tana jin ƙauri. Na ce na motar gaba ne. Ba mota a gabanmu, masu keke biyu ne.

Da muka ƙara shan kwanar hanya biyu na taka birki ya tafi luf, kamar na taka tuwo. Na sake takawa, ya kai ƙasa. Ɗan'uwa, ban san mutum na iya yin gumi a cikin sanyi irin wannan ba. Abin da ke tsakaninmu da ramin wani ɗan gini ne na dutse da bai wuce gwiwa da yawa ba. Uwargida ta ga ƙafata tana sama tana ƙasa, ba ta tambaye ni komai ba, sai ta fara innalillahi a hankali don kada yara su ji. Babban ɗana ya ji. Ya ce "Abba, me ya faru?" Ban amsa masa ba, kuma har yau wannan shirun yana damuna. Na danna ham, masu keken suka maƙale gefe. Na taka kuloci na cusa giya ta uku, na cusa ta biyu, injin ya yi wata ƙara kamar zai fito ta gaba. Na riƙa bugun birkin da sauri da sauri har ya ɗan kama, na ja birkin hannu kaɗan kaɗan ina riƙe da maɓallinsa, don in ka fizge shi gaba ɗaya bayan motar ne zai juya. Kwanar tana zuwa. Na ga ba za mu sha ta ba, sai na karkata sitiyari na goga gefen motar da bango ta ɓangaren dutse. Madubi ya tafi, ƙofa biyu suka kwarzane, muka tsaya. Daga inda tayar gaba ta tsaya zuwa bakin kwanar, na taka da ƙafata daga baya, taku tara.

Hayaƙi na fita daga tayoyin gaba. Na ɗauko robar ruwa zan kwara, sai wani dattijon Bajamushe a kan babur ya tsaya ya riƙe min hannu yana girgiza kai. Ashe in ka zuba ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi lanƙwashewa yake, ko ya tsage. Mutumin nan bai san ni ba, bai san daga inda na fito ba, ya zauna da mu kusan awa guda, har ya ba yara cakulan. Nawa ɗan garin kuwa, kira bakwai bai ɗaga ba. Da ya ɗaga yana Prad yana shan gahawa, abin da ya fara cewa shi ne, "Kai ma dai ba ka iya tuƙi ba." Ko "yaya yara" bai ce ba. Mutumin da na karɓa a ɗakina wata huɗu lokacin da ya shigo ƙasar nan ba shi da ko katifa. Muna gaisawa a masallacin Juma'a, iyakarta ke nan. Da muka dawo har yana ba mutane labari yana dariya, wai na tsorata da ɗan tudu. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Sai kuma bakaniken da na kai wa motar sati biyu kafin tafiyar, na gaya masa da bakina dutse zan hau. Ya canza takalman birki, ya karɓi kuɗinsa cas, bai ko buɗe murfin man birki ba. Garejin da motar janwe ta kai mu suka zuƙo man suka nuna min, baƙi ƙirin kamar an dafa shayi an manta. Man birki yana shan danshi a hankali, in ya tsufa kuma ya ɗau zafi sai ruwan cikinsa ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura komai. Shi ya sa ake cewa a canza shi duk shekara biyu. Don Allah ka je a canza naka kana tsaye a wurin.

Kuma giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Ta biyu, wani wurin ma ta ɗaya. Bar injin ya yi ta kuka, aikinsa ne. Birki ka taka shi da ƙarfi kafin kwana, ka sake shi ya sha iska. Ka ji ƙauri, tsaya a fili na farko da ka gani, kada ka ce bari mu ƙarasa.

Kai da za ka fito daga Munich, ta Garmisch da Landeck da Reschen za ka biyo, inda hasumiyar cocin nan take tsaye a tsakiyar tafki tun da aka cika madatsar ruwan a 1950, yara za su so wurin. Ke nan kwana 48 ɗin hawansu za ka yi, ka sauka ta Bormio. Kada ka ce ka tsira, can ma gangara ce mai tsawo, ga ramukan da na faɗa. In za ka taɓa babbar hanyar Ostiriya ka sayi sitikar kuɗin hanya ta kwana goma, tararsu ba wasa. Ku isa gindin dutsen da sassafe, kafin 'yan babur da motocin nan masu ɗaki a ciki su cika hanya, don in ɗayansu ta maƙale a kwana kowa ya tsaya. Ka duba ranar tafiyarka ma, akwai ranar da ake rufe hanyar wa motoci a bar wa masu keke wajen ƙarshen Agusta, daga kaka zuwa ƙarshen Mayu kuma ƙanƙara ce ke rufe ta. Inda hanya ta matse, mai saukowa ne ke kauce wa mai hawa. Tsiran da ake gasawa a ƙoli ƙamshi kamar me, na alade ne, ku tafi da guzurinku. Leda kuma a hannun kowane yaro.

Abin da ke ba ni mamaki har yanzu, tsakanin 1820 da 1825 aka yi hanyar nan, zamanin da Ostiriya ke mulkin yankin, wani injiniya Carlo Donegani ya zana ta don keken doki. Shekara biyar, ba katafila. Ina tsaye gefen motata da ta kwarzane ina kallon ginin dutsen da suka jera da hannu, ina tuna wata hanyar garinmu da aka fara ina firamare.

In uwargidanka mai tsoro ce, ni da za ka ji tawa, ku fara da hanyar dutsen Grossglockner a Ostiriya. Ana biyan kuɗin shiga kuma ana rufewa da dare, amma ta fi faɗi, kuma ta fi kusa da ku. Tawa uwargidan ko a hoto ta ga Stelvio sai ta tashi daga wurin. Ni na koma a 2022 ni kaɗai, a giya ta biyu tun daga sama har Trafoi, ƙauyen da ke kan hanyar Prad, na tsaya a kwanar nan na daɗe.

Ba ka faɗa mana ba, motar taka mai giyar hannu ce ko atomatik? In atomatik ce ka turo min hoton wurin giyar, in nuna maka inda za ka sa ta.