Amsa: Yadda ake tafiyar da hutu idan a gida yara suke karatu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce bana kika fara koyar da yaranki uku a gida, masu shekara 6 da 9 da 12, ga dogon hutu ya ƙarato, 'ya'yan yayarki za su zo, kin rasa ko ki rufe littafi gaba ɗaya ko ki ci gaba kamar ba a yi hutu ba.

Ki ba su hutun. Yaron da ke jin ihun 'yan'uwansa a tsakar gida ba abin da zai shiga kansa, ke ma kuma kina buƙatar ki sarara. Sai dai hutun mai karatun gida yana da wata matsala da ɗan makaranta bai san ta ba: babu ƙararrawa, babu shugaban makarantar da zai sa ranar komawa. Falon da ake darasi shi ne falon da ake kwanciya kallo. Shi ya sa hutun sati biyu kan zarce ya zama wata biyu ba wanda ya ankara. Tun kafin a fara, ki rubuta ranar tafiya da ranar dawowa a takarda, ki manna a bango, maigida ya gani, yara su gani. Makarantu kan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Ba dole ki ɗauki duka ba. Sati huɗu ya wadatar, ki ajiye ragowar don goman ƙarshe na azumi da Sallah.

A cikin hutun a dakatar da duk sabon darasi, a bar abu uku kawai, wanda gaba ɗaya bai kai awa ɗaya ba a rana.

Na farko, kuma wanda ya fi saurin zubewa, hadda. Lissafi in ya kwanta sati ɗaya ya isa a tashe shi, amma haddar da aka bari wata guda ba muraja'a sai an sake gini. Ki yi lissafinta da shafi: a Mushafin Madina izu ɗaya kusan shafi 10 ne. Yaron da ke da izu huɗu yana da shafi 40 ke nan; in yana kawo shafi 5 kullum, kwana takwas ya zagaye, a hutun sati huɗu, in an cire Alhamis da Juma'a, zai zagaya sau biyu da rabi. Lokacinta bayan Asuba, kafin baƙi su tashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar yaro ya riƙe Alƙur'ani a buɗe yana cewa yana muraja'a. Wannan tilawa ce. Ki karɓi Mushafin, shi ya karanto, ki sa ɗigo da fensir a inda ya kakare, gobe a fara daga nan. Ƙaramin, gajerun surorinsa sun ishe shi, minti biyar. Alhamis da Juma'a a bar su su huta, yadda aka saba a makarantar allo.

Na biyu lissafi, tambaya 10 kacal, duk daga abin da aka riga aka yi. Mai shekara 9 ya riƙe jadawalin sau, musamman na 6 da 7 da 8, don su ne ke fara gudu. Na uku karatun littafi na minti 15, wanda yaro ya zaɓa da kansa, na Hausa ko na Turanci. Ƙaramin ya karanta miki da ƙarfi kina tsinkar zogale. Kada ki bi shi da tambayoyi, da ya ji ƙanshin jarrabawa zai ajiye.

'Ya'yan yayarki kuwa, ki sa su a ciki tun ranar farko. In kika ware naki suna aiki baƙi suna wasa, naki za su ɗauka horo ake musu. Ki shaida wa yayarki tsarin tun kafin su zo, don kar maganar ta koma gida a matsayin "Anti ta hana mu hutu".

Sauran yinin nasu ne, kuma a nan karatun gida yake nuna amfaninsa. Ki ba babban Naira dubu biyu da jerin cefane, ya dawo da canji da bayani a rubuce. Na tsakiya ya auna gwangwanin madara nawa ke cika mudun gidanku, tunda mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, sannan ya faɗa miki rabinsa da kwatansa. In za a kai su ƙauye, Agusta tsakiyar damina ce, za su tarar ana maimai a gona, su bambance gero da dawa tun kafin a fitar da kai. Ki haɗa musu da gidan sauro, don lokacin ne zazzaɓi ya fi kama yara.

Abin da ke rusa tsarin nan biyu ne, waya da barci, kuma ɗaya ke jawo ɗaya. An kawo wuta ƙarfe tara na dare, kowa ya maƙale a kallo har sha biyu, an makara Asuba, muraja'a ta tafi. Ki yanke: ba waya sai an gama abu ukun nan, sannan a ba su ita awa ɗaya, kuma bayan Isha'i duk wayoyi suna ɗakinki. Lokacin kwanciya kar ya matsa fiye da awa ɗaya daga yadda aka saba.

Ke ma kina da aikin kwana biyu. Ki tattara aikin kowane yaro na shekara a fayil, da kwanan wata a jiki, ki gwada shi da manhajar ajinsa ta NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ki ga inda aka tsallake. Ranar da kika so mayar da yaro makaranta, wannan fayil ɗin da gwajin shiga su ne za su yi miki magana. In kina da niyyar kai na tsakiyan makarantar tarayya nan gaba, ki sani jarrabawar shiga da NECO ke shiryawa wajen Mayu ko Yuni ake yin ta, sai ki tsara shekarunsa da wannan. Hutun kuma dama ce ta yi musu NIN, tunda JAMB ba ta rajista sai da shi tun 2021.

Saura kwana uku a koma, ki mayar da lokacin barci yadda yake. Satin farko rabin yini za a yi, bita zalla, sabon darasi sai Litinin ta biyu. Ranar farkon za a yi kuka da "Mama cikina", musamman ƙaramin. Ki duba jikinsa, in ba zazzaɓi, ki ba shi ruwa ya sha, ki buɗe littafin.