Tambayi Likita: Karayar gwiwar hannu a yara da haɗarin ɗaurin da ya matse

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin karkara a jihar Katsina. Lokacin mangwaro ana yawan kawo mana yaran da suka faɗo daga bishiya, gwiwar hannu a kumbure, kuma galibi mai ɗori ya riga ya ɗaure wurin da karare da tsumma. Idan na ji bugun jini a wuyan hannu, hankalina zai iya kwanciya?

Amsa: Malama, kada hankalinki ya kwanta a kan bugun jini kaɗai. Karayar da ta fi yawa a gwiwar hannun yara tana faruwa ne a ƙarshen ƙashin da ya sauko daga kafaɗa, dab da gaɓar, inda ƙashin yake da faɗi amma ba kauri, kuma ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7 waɗanda suka dafa ƙasa da hannu a miƙe. Babbar jijiyar jinin hannu da jijiyar da ke lanƙwasa yatsu suna wucewa ta gaban wurin, don haka bakin ƙashin da ya goce yana iya danne su ko ya yage su.

Abin da ya fi tsoratar da mu shi ne halin da tsokar da ke tsakanin gwiwa da wuyan hannu take shiga. Tana cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗewa, kuma idan kumburi ya taru a ciki, ga ɗauri ya matse ta waje, ƙananan hanyoyin jini ne suke fara toshewa alhali babbar jijiya tana ci gaba da bugawa. Bayan kimanin awa 6 tsokar takan fara mutuwa, daga bisani ta ƙanƙance, yatsu su dunƙule ba sa miƙuwa. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan nakasa a 1881.

Alamar da za ki dogara da ita ita ce ciwo. Ki miƙe yatsun yaron a hankali da hannunki. Idan ya kurma ihu, tsokar da ke tsakanin gwiwa da wuyan hannun kuma ta yi tauri kamar itace, lamarin na gaggawa ne. Ƙaramin yaro ba ya iya bayani, sai dai ki ga ya kasa natsuwa, maganin da ya kwantar masa da ciwo ɗazu ya daina aiki. Don gwada jijiyoyin da ke motsa yatsu, ki kuma sa shi ya haɗa kan babban yatsa da manuniya su yi zobe, ya ɗaga babban yatsa, ya ware sauran, ki rubuta abin da kika gani da lokacin.

Daga nan ki kwance ɗaurin duka har sai kin ga fata, ko da iyaye sun nuna rashin so, domin a ganina lallashinsu na minti biyar ya fi sauƙi a kan yanke hannu. Ki tallafi hannun da filastar ɗori mai tauri ta bayan hannun kawai, gwiwar a ɗan lanƙwashe, a daidai tsayin zuciya, kada ki rataye shi sama. Kada a ba yaron abinci, saboda mai yiwuwa a yi masa tiyatar tsaga tantanin, sannan a tura shi nan take zuwa asibiti mafi kusa da ke da likitan ƙashi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano idan hanya ta ba da dama.