Na'urar naɗa ta mutu, aka yi sata babu hoto: ina mafita?

Tambaya: Ina da kyamarori 16 a sito na. Na'urar da ke naɗar hotunan ta mutu, ban ankara ba sai bayan kwana uku da aka yi mini sata. Mai gyara ya ce in sa RAID. Ya wadatar?

Amsa: Allah Ya mayar maka da alheri, Alhaji. Gaskiya bai wadatar ba. RAID, wato tsarin haɗa faifan ajiya (hard disk) da yawa su yi aiki tare, faifai yake karewa: a RAID 1 faifai biyu ne ke ɗauke da abu ɗaya, a RAID 5 kuma, mai faifai uku zuwa sama, ɗaya zai iya lalacewa ba ka rasa komai ba. Amma in na'urar ce kanta ta ƙone, naɗi ya tsaya, lafiyar faifan ba ta amfane ka da komai ba.

Maganin matsalarka shi ne na'ura ta biyu mai zaman ko-ta-kwana. Tana kunne, tana sauraren babbar. Da ta ji shiru sai ta karɓi kyamarorin ta ci gaba da naɗa, in babbar ta farfaɗo ta miƙa mata abin da ta tara. Masu sana'ar na kiran tsarin N+1, kuma akwai shi a wasu na'urorin kamfanin Hikvision da manhajar Milestone XProtect.

Sai dai ga inda da yawa ke tuntuɓe, kuma abin na damuna. Idan kyamarorinka a bayan babbar na'urar suke jone, daga nan suke shan wuta, to tare za su mutu, ta biyun ba ta da abin karɓa. Dole a mayar da su kan suwic na daban mai ba da wuta, wato akwatin da ke haɗa wayoyin kyamarori da na'urorin. Tsofaffin kyamarori na analog kuwa ba sa shiga wannan tsari. Kuma kada a ajiye na'urorin biyu a ɗaki ɗaya, don ɓarawo ko gobara ba sa zaɓe.

In kuɗi bai kai ba, sa katin microSD a kyamarorin ƙofa. Kyamara mai aika megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan GB 43 a yini, ke nan katin GB 128 zai riƙe kusan kwana uku, daidai giɓin da ka samu.

A ɗora suwic ɗin da na'urorin kan UPS, wato batirin riƙe wuta, saboda ɗaukewar NEPA. A kunna saƙon gargaɗi zuwa wayarka. Sannan duk wata ka zare wayar babbar da hannunka, ka tsaya ka ga ko ta biyun ta karɓa.