Amsa ga Yaya kan tsallen ƙanƙara da zamanmu a Jamus

Assalamu alaikum Yaya. Ya iyali, ya jikin Inna, ya kuma hunturun bana? Allah Ya ƙara mata lafiya.

Na saurari saƙon muryar da ka aiko bayan ka ga bidiyon da yara suka tura. Ka ce ka ga mutum ya sulalo daga kan wani dogon gini ya faɗa sararin Allah, mu kuma muna ƙasa cikin dubban Turawa muna ta ihu da tuta a hannu. Ka tambaya ko wannan ba jefa kai ga halaka ba ne, ko ba bikin Kirsimetinsu muke taya su ba, sannan ka rufe da abin da na san shi ya fi ci maka rai: wai da gaske ne mun bar 'yarka ta fara koyo? Har ka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ban ji haushi ba, haƙƙinka ne ka tambaya. Na zaɓi in rubuta ne don magana a waya takan tsinke ba a kai gaɓa ba.

Abin da ka gani wasa ne mai doka da alƙalai, asalinsa daga ƙasar Norwe, kuma yana cikin wasannin Olamfik na lokacin sanyi tun 1924. Mai tsalle yakan ɗaura dogayen katakan zamiya biyu a ƙafa, ya zauna kan wani ƙarfe can sama, sai mai horar da shi ya kaɗa masa tuta ya saki jiki. Kafin ya kai bakin gangaren gudunsa ya kai wajen kilomita 90 a awa. Daga nan sai ya miƙe ya kwanta kan iska, ya buɗe bakin katakan gaba ya haɗe su ta baya. A babban tudun Oberstdorf, garin da ke kusa da mu, gwanaye kan wuce mita 130 kafin su taɓa ƙasa. Abin da kyamara ke ɓoye maka shi ne an gina gangaren da ake sauka ne ya bi lanƙwasar tafiyar mai tsallen, saboda haka tsakaninsa da ƙasa bai wuce 'yan mitoci ba, kuma a kan gangara yake sauka yana ci gaba da zamiya, ba faɗowa yake tim ba. Ana faɗuwa, ana karaya, gwiwa musamman tana shan wuya, ba zan ɓoye maka ba. Amma idan iska ta yi ƙarfi tsayar da wasan ake yi, wani lokaci a soke shi ɗungum a sallami jama'a.

Ba nisa kaɗai ake dubawa ba. Akwai alƙalai biyar, kowa na ba da maki har 20 kan kyawun tafiya a iska da yadda aka sauka, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta a tara ukun tsakiya. Saukar da suke so ita ce ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan durƙushe, hannuwa a buɗe. Har iskar ma awonta ake yi: wanda ta buso masa ta gaba ta ɗaga shi a rage masa maki, wanda ta danne shi ta baya a ƙara masa. Shi ya sa za ka ga wanda ya fi kowa nisa bai zo na ɗaya ba, baƙo ya yi ta mamaki.

Kakar gasar duniya kan fara ne a Nuwamba ta ƙare a ƙarshen Maris. Ka san yadda 'yan dambe ke bin gari gari bayan an yi girbi, yau nan gobe can, sunan mutum na ƙaruwa ko yana raguwa har kaka ta wuce? To haka ne, sai dai su ƙasa ƙasa suke bi: Ruka a Finlan, Lillehammer da Oslo a Norwe, Zakopane a Folan, Sapporo a Japan, Willingen a nan Jamus, a rufe a Planica ta Slobeniya. Duk wanda ya ci gasar rana ɗaya yana da maki 100, na biyu 80, na uku 60, haka har na talatin mai maki ɗaya. Wanda ke kan gaba yakan sa riga ruwan ɗorawa, wanda ya ƙare kaka a sama a ba shi kofin gilashi mai siffar duniya. Ta maza ta fara a 1979.

Tsakiyar kakar ne abin ya shafe mu kai tsaye, wato gasar tuddai huɗu da ake yi tun 1953. A fara a Oberstdorf dab da ƙarshen Disamba, ranar 1 ga Janairu a je Garmisch-Partenkirchen, sai a ƙetara Ostiriya zuwa Innsbruck, a ƙare a Bischofshofen ranar 6 ga wata. A waɗannan kwanaki ba abin da ake zance a asibitin da nake aiki, da layin gidan burodi, da cikin jirgin ƙasa, sai wannan. Sven Hannawald ya cinye duka huɗun a 2002, shi ne mutum na farko da ya yi haka, kuma tun daga shi Bajamushe bai sake ɗaukar kofin gasar, mai siffar mikiyar zinare, ba. Kowace shekara da wannan miki suke shiga, kowace shekara su fito da shi. Tsoho mara lafiya da bai taɓa ce min komai ba sai "na gode", ranar da na ce masa na ga tsallen Karl Geiger jiya, ɗan garin Oberstdorf ne, sai ga shi ya gyara kwanciya yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya riƙa kai shi filin yana yaro. Daga ranar yake tambayata ina ne garinmu, yaya sanyinmu yake.

Mu Hausawan wannan yanki ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. Akwai na Najeriya, akwai na Nijar, akwai 'yan zangon Kumasi da Accra. Lokacin sanyi a nan yana da nauyi a zuciya, Yaya. Rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, mutum ya fita aiki da duhu ya dawo da duhu, kowa ya kulle ƙofarsa. Wanda bai nemi abin da zai fitar da shi cikin mutane ba, kaɗaici na iya yi masa illa, mun kuma ga waɗanda ya yi wa. To ranar 1 ga Janairu ba aiki ba makaranta, shi ya sa muka mayar da ita ranar zumunci. Gida ɗaya ke karɓar baƙi, shekara mai zuwa wani gidan. A yi waina da miyar taushe da kabewar nan tasu, wata ta kawo dambun nama, 'yan Ghana su kawo wake da shinkafa irin nasu, a dafa shayi da citta da kanumfari. Ƙarfe biyu a kunna talabijin. La'asar a wannan lokaci da wuri take shiga, don haka idan an gama zagayen farko, aka tace mutum talatin da za su sake tsalle, sai maza su yi sahu a falo, mu a ɗaki, a idar kafin a dawo zagaye na biyu. Yaran da ke jin nauyin yin Hausa a waje, a ranar da ita suke musu kan wanda zai ci.

Idan filin muka je da kanmu, wajen mutum 25,000 yake ɗauka a Oberstdorf. Ana sayar da giya mai zafi da tsiren alade, gaskiya ne, kuma akwai masu caca a waya kan sakamako. Mu da butar shayinmu muke zuwa da abincinmu, mu yi Magariba a gefen mota, ba wanda ya taɓa tanka mana. Batun Kirsimeti kuwa, kwanakin ne suka faɗo cikin hutunsu, har ta ƙarshen ma ranar wani idinsu ake yinta. Amma a filin ba coci, ba addu'a, ba wata ibada. Ba kuma Turawa kaɗai ke yinsa ba: Ryoyu Kobayashi ɗan Japan ya cinye huɗun a 2019, Turkiyya ma tana turo Fatih Arda İpcioğlu. Ban ce kowane Bahaushe a nan ya yarda da zuwa ba. Akwai gidajen da suka ce kallo a gida ya ishe su saboda giyar da cunkoson maza da mata, muna kuma girmama ra'ayinsu, ba mai ganin wani ya kauce.

Yanzu maganar 'yarka.

Su kansu Turawan sun daɗe suna hana mata wannan wasa, kada ka ɗauka mu kaɗai ke da irin tunanin. Sai a 2009 aka bar mata suka shiga gasar zakarun duniya. Sun kai ƙara kotu a Kanada don a sa su a Olamfik na 2010, ba su yi nasara ba. Kakarsu ta gasar duniya sai a 2011 ta fara, shekara 32 bayan ta maza, sannan Olamfik a 2014, inda Carina Vogt ta Jamus ta ci zinare. A gasar duniyar ne Sara Takanashi 'yar Japan ta ci gasa 63, adadin da ba namijin da ya kai. Duk da haka har yau ba a daidaita ba. Wanda ya ci gasar tuddai huɗu a 2025 ya tafi da faran 100,000 na Suwizalan. Mata kuwa sai a ƙarshen 2023 aka ba su tuddai biyun da ke Jamus. Selina Freitag ta faɗa a talabijin cewa da ta zo ta ɗaya a zagayen share fage a Garmisch, sabulun wanka da man wanke gashi da tawul aka ba ta, alhali namiji a irin wannan matsayi faran 3,000 yake karɓa. Ranar na ji ciwon abin har raina, don na ga fuskar 'yarka lokacin da ta fahimci me ake cewa.

Ita ba Takanashi ce ta ja ta ba, Nika Prevc ce, 'yar Slobeniya. Gidansu su huɗu ne suka shiga tsalle: Peter, Cene, Domen da ita. A Maris na 2025, muna cikin azumi, ta yi mita 236 a Vikersund ta Norwe, nisan da mace ba ta taɓa yi ba. Bayan mako biyu, ranar 30 ga wata, ranar da mu da ku muka yi ƙaramar Sallah, yayanta Domen ya yi mita 254.5 a Planica ya kafa tarihin maza. Mun dawo daga Idi ke nan yara suka tarar da labarin. Tun ranar ba ta bar mu mun huta ba.

Abin da take yi yanzu ba shi ne abin da ka gani a bidiyo ba. Yara kan fara ne a ɗan tudun da tsallensa bai wuce mita 10 zuwa 20 ba, da hular kwano, mai horarwa na tsaye, iyaye na gefe. Kayan da ake sawa sun rufe jiki daga wuya har idon sawu, tana kuma sa ɗan siririn hijabi ƙarƙashin hular. Ƙungiyar ta sa kai ce, iyaye ne ke tattake ƙanƙarar gangaren, su kawo abin taɓawa, su yi jigilar yara. A nan babanta ya san maƙwabtan da muka shekara da shekaru muna gaisuwar nesa da su.

Abin da ke hana ni barci ba faɗuwa ba ne, yunwa ce. A wannan wasa mara nauyi ya fi nisa, kuma an yi zamanin da samari ke ƙin cin abinci har su zama ƙashi da rai. A 2004 hukumar wasan ta kafa doka: wanda nauyinsa ya gaza abin da ya dace da tsayinsa sai a rage masa tsawon katako, don kada rama ta zama riba. Dokar ta rage, ba ta kawar ba. Maren Lundby ta Norwe, wadda ta ci zinaren Olamfik a 2018 ta kuma ɗauki kofin duniya sau uku a jere, ta haƙura da kaka guda har da Olamfik na 2022 saboda ta ce ba za ta azabtar da jikinta don rage nauyi ba. Mace na ganin girma jikinta zai sauya, haka Allah Ya halicce ta, kuma a daidai wannan shekarun ne ake fara auna su. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da wannan cuta ke yi wa 'yan mata. Ga kuma rigimar awon kaya: a Olamfik na 2022 an kori mata biyar a gasa ɗaya saboda faɗin rigarsu, Takanashi na ciki tana kuka a idon duniya, a 2025 kuma aka kama tawagar Norwe da yi wa rigunan maza ɗinkin maguɗi a Trondheim. Ba wasan mala'iku ba ne, akwai son zuciya a ciki kamar ko'ina.

Saboda haka ni da babanta mun gindaya mata sharuɗɗa, mun kuma faɗa wa mai horarwa baki da baki. Ba a ɗora ta kan sikeli ba tare da ina wurin ba. Ranar da ta fara ture kwanon tuwo don tsalle, ranar ta daina. Islamiyyar Asabar ba ta faɗuwa saboda atisaye. Idan tafiyar kwana ta taso, da ni za a je ko ba a je ba. Idan ta balaga za mu sake zama da ita, mu duba batun sutura da awon jiki, kuma zan so a ji ta bakinka a lokacin, don uba kake gare ta.

Idan kana son ka gani da idonka, lokacin sanyi agogonmu da naku ɗaya ne, ƙarfe biyun Garmisch ita ce ƙarfe biyun Katsina. Ka sa yaran gida su nemo maka a intanet, ka kalli zagaye ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan ka faɗa min abin da ka gani.

A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin gwiwar na hanya. A gaida su Yaya mata da yara duka. Babansu na gaisuwa.

Ƙanwarka.